Finlan da Hujjar Aikin Soja na Dole

Aikin soja na dole shi ne tsarin da doka take ɗora wa ɗan ƙasa, da zarar ya kai wasu shekaru, wajibcin shiga bariki ya karɓi horon yaƙi na ƙayyadadden lokaci, ko yana so ko ba ya so, sannan ya koma harkokinsa sunansa na cikin jerin waɗanda za a kira ranar da ƙasa ta shiga halin yaƙi. Kishiyarsa ita ce rundunar masu shiga da son ransu, irin wadda Nijeriya da Ingila da Amurka suke da ita a yau, inda soja sana'a ce da mutum yake nema da kansa, a biya shi albashi, ya yi ritaya da fansho. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ƙasashen Turai da dama sun ɗauka cewa zamanin tsarin farko ya wuce, shi ya sa Faransa ta sallami kuratanta na ƙarshe a 2001, Suwidin ta jingine tsarin a 2010, Jamus ta bi sahu a 2011. Finlan ta ƙi bin su, kuma a lokacin wasu sun yi mata kallon wadda ta maƙale a zamanin yaƙin cacar baka. Da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014 sai lissafi ya juya: Lituweniya ta dawo da tsarin a 2015, Suwidin a 2017, Latbiya a 2023, kuma waɗanda suka rufe barikoki suka sallami masu horarwa suka tarar cewa tayar da abin da aka rushe ya fi riƙe shi wahala.

Hujjar farko da Finlan take kafawa ta lissafi ce tsagwaronta. Mutanen ƙasar kimanin miliyan 5.6 ne, ba su kai mutanen jihar Katsina ba, ga kuma iyaka mai tsawon kilomita 1,340 tsakaninta da Rasha, wadda mutanenta suka haura miliyan 140. Ƙasa irin wannan ba za ta iya biyan albashin sojojin da za su tsare wannan iyaka ba, ko da kuwa ta zuba duk harajin da take tarawa a kansu, kuma ko da kuɗin sun samu, cire maza dubu ɗari biyu ko uku daga gonaki da masana'antu da ofisoshi a ajiye su a bariki shekara da shekaru zai durƙusar da tattalin arzikin da ake son karewa. Abin da ta yi shi ne ta riƙe ma'aikatan dindindin da ba su kai 15,000 ba, waɗanda babban aikinsu horarwa ne da kula da makamai, su kuma su riƙa horar da matasa kimanin 20,000 kowace shekara. Waɗanda suka gama sai su zama sojojin ajiya, wato mutanen da suka iya yaƙi amma suna gidajensu suna sana'arsu, ana kiran wasunsu lokaci zuwa lokaci su yi 'yan kwanaki na atisayen tuni. Da wannan dabara ƙasar take iya tsayar da dakaru 280,000 idan yaƙi ya ɓarke, jimillar waɗanda suka taɓa samun horo kuwa, har da su, ta doshi 900,000. Jamus, mai mutane fiye da miliyan 80, sojojinta da ke bakin aiki kimanin 180,000 ne. Kuɗin da ba a kashe wa albashi ba su ne suka tafi ga makamai, har Finlan ta zama cikin ƙasashen Turai mafi yawan igwa, kuma a ƙarshen 2021 ta yanke shawarar sayen jiragen yaƙi 64 samfurin F-35.

Amma lissafi kaɗai ba ya sa uwa ta yarda a tafi da ɗanta bariki, kuma abin da ya sa mutanen Finlan suka yarda yana cikin tarihinsu. Ƙasar ta ayyana 'yancin kanta daga Rasha ranar 6 ga Disamba 1917, kuma ba a yi wata biyu ba ta faɗa yaƙin basasa tsakanin Jajaye, waɗanda galibinsu ma'aikata ne da manoma marasa gona, da Farare, ɓangaren gwamnati da masu ƙasa. Yaƙin bai wuce 'yan watanni ba, amma ya ci fiye da mutum 30,000, da yawansu a sansanonin fursuna bayan an ajiye makamai, kuma ya bar ƙauyuka inda maƙwabci ya san wanda ya harbe mahaifinsa. 'Ya'yan waɗannan mutane ne aka riƙa haɗawa a ɗakin bariki ɗaya cikin shekaru ashirin da suka biyo baya. Lokacin da shugaban Sobiyet Stalin ya fara neman a ba shi wasu yankuna a kaka ta 1939, gwamnati ta kira sojojin ajiya tun watan Oktoba da sunan ƙarin atisaye, ta yadda ranar 30 ga Nuwamba, da dakarun Sobiyet suka tsallako, sun tarar da runduna a cikin ramukanta tana jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da a ranar ne za a fara koya wa manomi harbi, da Helsinki, babban birnin ƙasar, ta faɗi kafin sabuwar shekara.

Wannan shi ne Yaƙin Hunturu, wanda ya ɗauki kwana 105 ƙarƙashin jagorancin Mannerheim, babban kwamandan sojojin Finlan. A yankin Suomussalmi, a kan hanyar Raate, a farkon Janairun 1940, wata babbar rundunar Sobiyet ta miƙe a kan siririyar hanya ɗaya cikin daji da tankokinta da motocinta da dawakinta, cikin sanyin da ya kai digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifiri. Sojojin Finlan, waɗanda yawancinsu manoma ne da masu saran itace, suka riƙa fitowa daga cikin itatuwa sanye da fararen riguna, a kan dogayen katakan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu bisa dusar ƙanƙara, suna datse ayarin gunduwa-gunduwa, suna kai hari kan wuraren dafa abinci, su bar yunwa da sanyi su ƙarasa aikin. Duk da haka Finlan ba ta ci yaƙin ba. Ta rasa sojoji kimanin 25,000, ta miƙa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta har da birnin Viipuri, kuma mutane fiye da 400,000 suka bar gidajensu. Daga 1941 zuwa 1944 ta sake yaƙar Sobiyet kafaɗa da kafaɗa da Jamus ta Hitila, wanda tabo ne da masana tarihinta suke muhawara a kansa har yau. Abin da ta tsira da shi shi ne ba a taɓa mamaye babban birninta ba, majalisarta ba ta daina zama ba, alhali Istoniya da Latbiya da Lituweniya, waɗanda suka karɓi sharuɗɗan Stalin ba tare da harbi ba, an haɗiye su a 1940 kuma ba su sake ganin 'yanci ba sai bayan shekara hamsin.

A yau tsarin mulkin ƙasar ya wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsaronta ko taimaka masa, kuma dokar aikin soja ta hau kan maza. A shekarar da yaro zai cika 18 ake kiransa gaban kwamiti a garinsu, likita ya duba shi, a tambaye shi abin da ya iya da inda yake so, a sanya masa ranar shiga, wadda yana iya neman a ɗaga saboda karatu ko wani uzuri. Ana karɓar kurata sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli. Wanda zai zama soja gama-gari yana yin kwana 165, wanda aka koya wa aiki na musamman kwana 255, waɗanda kuma aka zaɓa su zama shugabanni, ko aka ba wa aikin da ya fi wuyar koyo, kwana 347. Daga cikin kuratan ne ake fitar da kofurori da ƙananan hafsoshin ajiya, su ne kuma suke jagorantar rukunin da ya shigo bayansu, ta yadda yaro ɗan shekara 20 yakan sami kansa da alhakin mutum talatin, cinsu da barcinsu da ƙafafunsu da suka yi kanta. Hafsan da zai riƙi soja a matsayin sana'a ma sai ya fara bi ta wannan ƙofa, don haka babu janar a Finlan da bai taɓa kwana a gadon kurtu ba.

Abin da ake koyo a wannan lokaci ya wuce harbi da fareti. A atisayen daji na hunturu ana kwana a tanti mai zagaye, mutum goma sha wani abu, kowa ƙafarsa na fuskantar murhun ƙarfe da ke tsakiya, kuma dare duka ana karɓa-karɓar gadin wuta: mutum ɗaya yana zaune yana ƙara itace, yana lura kada tartsatsi ya kama bargo, har lokacinsa ya cika ya tashi na gaba. Idan ya yi gyangyaɗi wuta ta mutu, kowa zai farka yana rawar ɗari, kuma kowa ya san wanda ya yi sakaci. Ɗan likita daga Helsinki da ɗan makiyayin barewar gida daga Laplan a nan suke gane cewa barcin ɗaya yana hannun ɗaya. Masu goyon bayan tsarin sukan cika baki su ce bariki yana mai da yaro namiji, wanda magana ce da ba ta da ma'auni, amma abu ne sananne cewa mutumin da ya taɓa ɗaukar alhakin wasu cikin gajiya da sanyi ya san wani abu game da kansa da aji ba ya koyarwa. A ƙuri'un jin ra'ayi da aka yi bayan harin Rasha kan Yukiren a 2022, kimanin mutum huɗu cikin biyar a Finlan sun ce ya kamata a kare ƙasar da makami ko da babu tabbacin nasara.

Ginshiƙin da ya riƙe wannan yarda shi ne cewa nauyin yana hawa kan kowane namiji, kuma jama'a suna gani da idonsu. Lauri Markkanen, ɗan wasan ƙwallon kwando da ke karɓar miliyoyin daloli a Amurka, ya aske kansa ya shiga bariki a Helsinki a watan Afrilun 2023, a shekarar da aka zaɓe shi cikin taurarin gasar NBA. Wanda imaninsa ya hana shi ɗaukar makami yana da damar yin hidimar farar hula ta kwana 347 a asibiti ko makaranta ko ɗakin karatu, wanda kuma ya ƙi duka biyun ana yanke masa hukunci, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suke sukar ƙasar a kansa. Mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah sun daɗe da samun rangwame na musamman, amma aka soke shi a 2019 bayan kotu ta ga cewa fifiko ne a kan sauran masu ƙin makami. Masu jin harshen Suwidin, waɗanda kimanin kashi 5 cikin 100 ne na jama'a, suna da birged ɗinsu a Dragsvik inda ake koyarwa da harshensu, ko da yake umarnin fareti da harshen Finlan ake bayarwa. Gwamnati kuma tana sauke nata nauyin: kuɗin aljihun kurtu bai taka kara ya karya ba, amma hukumar jin daɗin jama'a tana biya masa kuɗin haya idan yana da ɗakin kansa, doka ta hana mai aiki korarsa saboda ya tafi bariki, kuma ba a tura shi yaƙi a wata ƙasa, domin aikin kiyaye zaman lafiya a waje na waɗanda suka nema da kansu ne.

Akwai kuma hujja ta siyasa, wadda ita ce mafi tsufa, cewa rundunar da aka ɗebo daga kowane gida ba ta zama wata ƙabila ta dabam mai kallon farar hula a matsayin talakawanta, kuma tana da wuyar juyawa kan jama'a. A watan Afrilun 1961, lokacin da wasu janar-janar huɗu na Faransa suka yi tawaye a birnin Aljiyas don hana Aljeriya samun 'yanci, kuratan Faransa da ke can sun saurari jawabin Shugaba de Gaulle a ƙananan rediyoyinsu, suka ƙi bin umarnin 'yan tawayen, kuma juyin mulkin ya watse cikin kwana huɗu. Sai dai bai kamata a ɗora wa wannan hujja kayan da suka fi ƙarfinta ba, domin Turkiyya da Girka da Masar duk suna da aikin soja na dole kuma duk sojoji sun kifar da gwamnati a cikinsu.

Suka mafi ƙarfi daga masana tattalin arziki ta fito. Milton Friedman, wanda ya zauna a kwamitin Gates da ya ba Shugaba Nixon shawara a 1970, ya nuna cewa tilasta wa matashi aiki a kan kuɗin da bai kai abin da zai samu a kasuwa ba haraji ne ɓoyayye, wanda ba ya fitowa a kasafin kuɗi kuma matasa kaɗai suke biyansa, kuma a kan wannan tunani Amurka ta daina ɗaukar soja da tilas a 1973. Maganar gaskiya ce, kuma arahar rundunar Finlan wani ɓangarenta daga aljihun samarin da suka jinkirta karatu ko aiki take fitowa, su kaɗai ban da 'yan'uwansu mata, waɗanda tun 1995 suke iya shiga idan sun so amma ba a tilasta musu. Norwe ta gyara wannan a 2015 ta haɗa mata a dokar, Suwidin ma haka ta yi da ta dawo da tsarin. Ana kuma cewa makaman zamani sun fi ƙarfin horon wata shida. Yaƙin Yukiren ya rage wa wannan magana kaifi, domin ya nuna cewa duk da jirage marasa matuƙa, dogon yaƙi yana cin mutane fiye da yadda ƙaramar rundunar ƙwararru za ta iya jurewa, har Yukiren ta rage shekarun kira zuwa fagen daga daga 27 zuwa 25 a 2024. Amsar da ta dace da Friedman ita ce harajin yana nan, amma ga ƙaramar ƙasa mai babban maƙwabci babu wata hanyar biyansa da ta fi sauƙi.

Inda aka bar ƙofar fita ga mai kuɗi, tsarin yakan zama zalunci tsantsa. Dokar da Amurka ta kafa a 1863, lokacin yaƙin basasarta, ta yarda mutum ya biya dala 300 ko ya kawo wani a madadinsa, kuma a watan Yulin shekarar talakawan birnin New York suka yi tarzomar da ta ci fiye da mutum ɗari, inda fushin ya sauka a kan baƙaƙen fata da ba su ji ba su gani ba. Afirka ta Yamma ta ɗanɗana irin nata a hannun Faransa, wadda ta riƙa yanka wa kowane yanki adadin mazan da zai kawo, sarakuna da hakimai kuma sau da yawa suka ɓoye 'ya'yansu suka miƙa bayi da marasa gata. A 1918 kaɗai, ƙarƙashin Blaise Diagne, ɗan Sanagal da Faransa ta ɗora wa aikin ɗaukar sojoji, an ɗebi kimanin mutum 63,000, kuma a shekarun yaƙin mutane da yawa sun tsallaka iyaka zuwa ƙasashen da Ingila take mulka don gudun a kama su. Inda kuma aka cire wa'adi, abin yakan koma bauta. Eritiriya ta kafa hidimar ƙasa ta wata 18 a 1995, amma tun 2002 aka mai da ita marar ranar ƙarewa, mutane suna shafe shekara goma ko fiye a kaki ko a aikin gini na gwamnati, kuma a 2016 kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira abin da ake yi bautarwa. Matasan da ake son su tsare ƙasar su ne suke ratsa sahara da teku suna gudunta.

A Nijeriya akan ji kiran a kafa aikin soja na dole duk lokacin da matsalar tsaro ta yi ƙamari, kuma yana da tushe. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a watan Mayun 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, da niyyar da ta yi kama da abin da bariki ya yi wa 'ya'yan Jajaye da Farare, wato a kai ɗan wannan yanki wancan yanki ya zauna shekara guda. Sai dai mako ukun da masu bautar ƙasa suke yi a sansani cikin kaki fareti ne da gudun asuba, babu horon makami, kuma tsarin ya taƙaita ga waɗanda suka gama jami'a ko makarantar da ta yi daidai da ita. A ɗaya ɓangaren kuma farar hula sun riga sun shiga yaƙi ba tare da wata doka ta kira su ba: 'yan ƙato-da-gora a Maiduguri tun 2013, 'yan sa-kai a ƙauyukan arewa maso yamma, sai kuma rundunonin tsaron al'umma da gwamnatocin Katsina da Zamfara suka kafa a 2023 da 2024. Mai kare aikin soja na dole zai ce tunda talakan ƙauye ne yake tsaye da bindigar toka a bakin gari, gara a horar da shi, a sa shi ƙarƙashin doka da hafsa mai amsa tambaya, a kuma raba nauyin har ya kai ga 'ya'yan masu zama a unguwannin da ake gadi.

Amma lissafin Finlan a nan a kife yake. Nijeriya ba ta rasa maza ba, domin duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata masu nema sun ninka guraben da ake da su, kuma matasan da suke cika shekara 18 kowace shekara miliyoyi ne, waɗanda babu barikin da zai ɗauke su, babu saje-sajen da za su horar da su, babu kasafin da zai ciyar da su. Koya wa miliyoyi harbi a sallame su cikin kasuwar da ba aiki haɗari ne da ba sai an yi dogon bayani ba. Abin da zai yiwu a duba shi ne irin tsarin Norwe da Suwidin, inda kowa yake yin rajista amma kaɗan ake zaɓa gwargwadon buƙata, har ya zama ana takarar shiga. Wannan kuwa yana tsayawa ne a kan gwamnati ta san waye ya cika 18 a bana, a wane gari yake, kuma takardar kira ta isa gidan gwamna kamar yadda za ta isa rugar makiyayi. Finlan tana da rajistar jama'a da ta kai ga tun 1990 ba ta bin gida-gida don ƙidaya, daga kundin hukuma take fitar da alƙalumanta, alhali Nijeriya ta yi ƙidayarta ta ƙarshe a 2006 kuma yara da yawa a karkara ana haihuwarsu ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.